Orijinal ko jabu? Jarrabawar da kayan mota ke ci kafin su iso Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya taɓa sayen caja a kasuwar waya ta Farm Centre ya san tambayar da mai shago ke fara yi: mai kyau kake so ko mai sauƙi? Ita ce dai tambayar da ake yi a kasuwar Ƙofar Ruwa, cibiyar kayan gyaran mota a birnin Kano, inda makanikai da direbobin adaidaita sahu ke zuwa neman takalmin birki, boris da fulogi. Sai dai in caja ta lalace, waya ce za ta mutu. In birki ya ƙi ci a gangara, rai ne a ciki.

Matsalar ita ce ido ba ya raba su. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, wani lokaci jabun ma ya fi ƙyalli. Abin da ya bambanta su yana can masana'anta: shin an gwada hanyar ƙirar an tabbatar cewa na dubu ɗari zai fito daidai da na farko?

Ƙa'idar da kamfanonin mota suka haɗu a kai

A 1994 kamfanonin Ford, General Motors da Chrysler na Amurka suka fitar da ƙa'ida guda, QS-9000, ga masu yi musu kayan haɗa mota. A 1999 aka samar da ISO/TS 16949 wadda ta haɗa ƙa'idojin Amurka da na Turai, sannan a Oktoban 2016 IATF 16949 ta maye gurbinta. Ita ce ake aiki da ita yau, kuma BMW, Volkswagen, Renault, Mercedes da Stellantis mai Peugeot duk suna cikin ƙungiyar da ke kula da ita. Toyota da Honda, waɗanda suka cika titunan Kano, ba sa cikin ƙungiyar. Suna da nasu tsarin na tantance masu kawo musu kaya.

Takardar shaidar tana aiki shekara uku, kuma masu bincike na waje suna komawa masana'antar duk shekara. Amma takarda kaɗai ba ta isa a fara sayen kaya ba. Kowane sabon abu sai ya bi matakin amincewa da ake kira PPAP, mai ɗauke da hujjoji 18.

Matakai huɗu da suka fi muhimmanci

Na farko, hasashen matsala. Kafin a kunna inji, injiniyoyi suna zama su lissafa duk yadda aikin zai iya ɓaci, da munin abin da zai biyo baya, da yadda za a gano shi. Wannan shi ne FMEA.

Na biyu, gwada ma'auni. Kowa ya san rigimar mudu a kasuwa: in mudun ya lotsa, awon banza ne. A masana'anta akan ba mutum uku kaya goma, kowa ya auna sau biyu ko uku. In saɓanin awon bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, ma'aunin ya ci. In ya haura kashi 30, an yi watsi da shi.

Na uku, gwajin gaske. Ba a karɓar samfur ɗaya da gwanin ma'aikata ya zauna ya goge. Ƙa'idar PPAP ta ce a yi aiki na awa ɗaya zuwa takwas, a fitar da aƙalla guda 300 a jere, da injin da za a riƙa amfani da shi, da ma'aikatan yau da kullum, da saurin da aka yi alkawari, sai fa in mai saye ya yarda da wani adadi.

Na huɗu, lissafi. Mu ɗauka ana son sandar ƙarfe mai kaurin milimita 10, an yarda ta ƙaru ko ta ragu da 0.05, wato kusan kaurin silin gashi. Ana auna kayan a ga yadda suka warwatsu tsakanin iyakokin biyu, a fitar da maki mai suna Cpk ko Ppk. In awon ya daidaita a tsakiya, maki 1.0 na nufin kusan guda 2,700 cikin miliyan za su fita daga iyaka. A 1.33 sun ragu zuwa kusan 63. A 1.67, wanda ake nema ga sabon aiki, ba su kai ɗaya ba.

Aikin da ba a gani sai an fasa

Akwai ayyukan da awo ba ya tona asirinsu: walda, fenti, da gasa ƙarfe don ya yi tauri. Maƙeran cikin birni sun daɗe da sanin wannan. Fartanya biyu za su fito kamar tagwaye, amma wadda ba ta ji wuta yadda ya kamata ba sai a gona za ta nuna halinta. Tunda ba za a fasa kowane kaya don a duba cikinsa ba, sai a tsare hanyar: zafin wuta nawa, minti nawa, wane mai aka tsoma ƙarfen. A rubuta, a riƙa fasa 'yan kaɗan ana dubawa. In an canza inji, ko mai kawo ƙarfe, ko aka koma wani gini, dole a sanar da mai saye, sau da yawa kuma a sake gwajin. Nan ne mai yin jabu yake rage kuɗi, domin ya san babu mai ganewa a kanti.

Hatta ƙwaƙwalwar lantarki ta cikin mota tana da nata gwajin, AEC-Q100. Mataki na 1 yana buƙatar ta yi aiki daga digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa 125, alhali iPhone an tsara ta ne ta yi aiki tsakanin sifili da 35.

In aka yi ƙarya a gwaji

Kamfanin Takata na Japan ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitret wajen hura jakar iska ta kariya. Zafi da laima na shekaru suna lalata sinadarin, sai jakar ta fashe da ƙarfin da ke watsa gutsattsarin ƙarfe a fuskar direba. An janye kusan jaka miliyan 67 a Amurka kaɗai. A 2017 kamfanin ya amsa laifin zamba kan murɗe sakamakon gwaji, aka yanke masa biyan dala biliyan ɗaya, kuma a watan Yunin shekarar ya durƙushe. Masu waya kuma ba su manta da Galaxy Note 7 ba, wadda Samsung ya daina yi a Oktoban 2016 saboda batirinta na kamawa da wuta.

Abin da ya shafe ka a Kano

Yawancin motocin Kwatano sun kwana biyu, kuma da dama daga Amurka suka fito. Kowace tana da lambar VIN mai harufa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Shigar da ita a shafin hukumar NHTSA ta Amurka da wayarka, kyauta, za ka ga ko akwai gyaran janyewa da ba a yi mata ba.

In za ka sayi birki, taya ko kayan sitiyari, duba lambar kayan da lambar rukunin da aka ƙera su a kwali, ka nemi rasit. Kayan da aka yi a gida suna ɗauke da alamar MANCAP ta hukumar SON, na waje kuma suna shigowa ne ƙarƙashin tsarin SONCAP. Tambari ana iya kwaikwayonsa, saboda haka farashin da ya yi arha fiye da kima shi ma gargaɗi ne.

Ga matasa masu walda da ƙira kuwa, Arewa ba baƙuwar harkar ba ce: an fara haɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, kuma kamfanin NTM ya haɗa manyan motocin Fiat a nan Kano. Duk mai son wata rana ya sayar wa irin waɗannan masana'antu kaya, hujja za a tambaye shi kafin farashi. Ma'auni mai kyau, littafin rubuta awo, da Google Sheets a waya sun isa a fara: auna kaya talatin a jere, ka ga ko hannunka yana maimaita kansa.