Zazzaɓi Bayan Tiyatar Hanta: Kada a Ce Sauro Ne

Akwai jariran da akan haifa hanyoyin da ke fitar da ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji a toshe. Alamarsa shawara ce da ta wuce mako biyu ba ta tafi ba, fitsari ya yi duhu, kashi kuwa fari kamar alli. Maganinsa tiyata ce wadda wani likitan Japan, Morio Kasai, ya bayyana a 1959: a ɗauko hanji a haɗa shi kai tsaye da hanta. Ta fi yin nasara idan an yi ta kafin jariri ya cika kwana 60.

To, an yi aiki, an sallamo yaro, an je majami'a an yi godiya. Daidai ne. Amma da sauran rina a kaba.

Tun da hanji ya manne da hanta, ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin hanji sun sami hanyar haurawa. Sukan shiga 'yan ƙananan hanyoyin matsarmama su kumbura su. Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa bayan tiyatar, musamman a shekarar farko. Jiki ya yi zafi, yaro ya ƙi nono, idanu su sake yin rawaya, kashi ya koma fari. Wani lokaci zazzaɓin kaɗai za a gani.

A nan ne haɗarin yake a wurinmu, domin kowane zafin jiki sauro muke ɗora wa laifi. Uwa ta aika kemis, kaka ta jiƙa saiwar shawara, kwana uku sun wuce. Alhali kowane tashin ciwon tabo yake bari a hanta, in ya yawaita sai hantar ta ƙandare, abin da ya rage kuma dashen wata, aikin da ya fi ƙarfin yawancinmu.

Yaron da aka yi wa wannan tiyata, in zafinsa ya kai 38, a koma asibitin da aka yi aikin ran nan, ko da dare ne. Za a gwada jini, a kwantar da shi, a yi ta ba shi maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya, sau da yawa har mako biyu. A yi addu'a, ƙwarai kuwa, amma a yi ta a mota.

Mako biyu a gadon asibiti ba wasa ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Zumuntar Mata su raba kwanakin kai abinci, dattawa kuma su ware kuɗin mota daga baiko tun ciwon bai taso ba.