Dalilan Sandarewar Kwamfutar Tebur Yayin Kashewa

A shagunan buga takardu na Kafanchan, inda ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ke kai ayyukansu, kwamfutocin tebur da yawa na gwanjo ne, kuma cikin larurorin da ke damun masu su akwai sandarewar na'ura a daidai lokacin kashe ta. Kashewa aiki ne mai matakai, domin Windows kan umarci kowace manhaja ta rufe, ya rubuta ragowar bayanai a faifan ajiya, sannan ya sallami direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa shi da firinta da sauran kayan aiki. Idan ɗaya ya ƙi amsawa, sai kowa ya tsaya jiransa.

Bincike kan fara da zare firinta da filas a sake gwadawa. In hakan bai yi ba, sai a tuhumi tsarin saurin tashi mai suna Fast Startup, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, kuma yake adana wani ɓangare na Windows a faifai maimakon ya rufe shi gaba ɗaya, abin da tsofaffin direbobi kan kasa jurewa. Riƙe maɓallin Shift yayin ba da umarnin kashewa kan tsallake shi, kuma idan na'ura ta mutu lafiya ta wannan hanya, to an gano mai laifi, sai a dakatar da Fast Startup.

Abin da ya fi muni a wannan yanki shi ne wutar lantarki. Ɗaukewar wuta, ko sauyawa zuwa janareto, yayin da faifai ke rubutu kan lalata fayilolin Windows. Lalatattun fayiloli su jawo sandarewa, mai shago kuma, saboda gajiya da saurin rufe ƙofa, ya zare filogi, ɓarnar ta ƙaru. Wannan ɗabi'a abin takaici ce, musamman da yake wani lokaci sabuntawa kawai na'urar ke yi, kuma ƙiftawar fitilar faifai na nuna tana kan aiki. Kundin Event Viewer na Windows kan rubuta kowace mutuwar bazata da lamba 41 ko 6008, don haka mai gyara na iya ƙirga sau nawa abin ya faru.

Umarnin sfc /scannow kan gyara fayilolin Windows, chkdsk kuma ya binciki faifan kansa, amma wajibi ne a fara kwafe ayyukan ɗalibai zuwa wani ma'aji, domin faifan da ya raunana na iya ƙarasa mutuwa ana tsaka da binciken.