Kafin Kwalba Ta Kai Baki

Tun shekarar 2001 da Jihar Bauchi ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, giya ta ja da baya daga idon jama'a, Hisbah kuma takan kama ta lokaci zuwa lokaci. Amma mazauna gefen birni irin su Miri, inda hanyar Jos ke shigo da baƙi da kaya dare da rana, sun san doka ba ta rufe kowace ƙofa ba. Giyar ma ta ƙanƙance, ta koma 'yar leda da ke ɓuya a aljihun wando, abin da ya sa hukumar NAFDAC ta sanar a 2024 da hana sarrafa ta a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba. Duk da haka, samari biyu sukan taso a layi ɗaya, a miƙa musu leda ɗaya, wannan ya karɓa wancan ya kau da kai. Bambancinsu yana cikin abin da kowannensu ya riga ya ƙulla a ransa, kuma a nan ya kamata gyara ya soma.

Abu na farko shi ne zato. Matashi ba ya sha don ɗanɗano, domin kurɓin farko ɗaci ne da ƙona maƙogwaro. Yana sha ne saboda an gaya masa tana kore damuwa, tana cire kunya gaban budurwa, tana ƙara ƙarfin aiki. A 1973 masanin halayyar ɗan Adam Alan Marlatt da abokan aikinsa a Amurka sun gwada ƙarfin wannan zato. Sun ba wasu mutane abin sha marar giya suka ce da giya a ciki, wasu kuma suka ba su mai giya suka ce babu. Waɗanda suka ɗauka giya suke sha su ne suka fi kwankwaɗa, ko da kuwa babu ɗigonta a kofin. Ashe labarin da ake bayarwa a kan giya yana aiki tun kafin ita kanta ta yi.

Na biyu shi ne idon abokai. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da danne son rai, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke neman daɗi da yabo ya daɗe da farkawa. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, suka ga matasa sun fi yin kasada idan tsaransu na kallo, manya kuwa ba su canja sosai ba. Hausawa sun riga sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A majalisa bayan isha'i, kan bencin mai shayi, kalma ɗaya ta isa: «Kai har yanzu yaro ne.» Wanda bai shirya amsa ba, shiru zai yi ya miƙa hannu. Da zarar giya ta shiga jini kuma, sai ta taƙaita hangen mai sha, kamar yadda Claude Steele da Robert Josephs suka bayyana a 1990: abin da ke gabansa ya girma, gobe ta ɓace. Shi ya sa alƙawarin «ɗaya kawai» ke karyewa, domin hankalin da ya ɗauki alƙawarin shi giya ke fara raunanawa.

Wani zai ce wannan dogon turanci ne, haramun haramun ne, a faɗa a wuce. Hukuncin a fili yake, ba mai jayayya. Sai dai yawancin masu shan sun san shi sarai, ba jahilci ya kai su ba. Haramcin giya kansa a Madina mataki-mataki ya sauka, daga ambaton cutarwarta a Suratul Baƙara, zuwa hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, zuwa hani yankakke a Suratul Ma'ida. An gina zukata kafin a zubar da tuluna. Wani kuma zai ce talauci da zaman kashe wando ne tushen komai. Da gaskiyarsa, amma ai 'ya'yan masu hali ma suna sha, dubban marasa aiki kuma ba su taɓa kusantarta ba. Talauci yana ƙara nauyin damuwa, tunani ne ke zaɓar inda za a sauke ta.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Don haka, bayan tsare doka, malaman Islamiyya, limamai, fastoci, masu unguwa da iyaye suna da aiki uku. Su rushe ƙaryar cewa giya na maganin damuwa, domin tana lalata barci ta dawo da ƙuncin da safe. Su nuna wa yaro cewa mafi yawan sa'o'insa ba sa sha, tunda binciken Wesley Perkins da Alan Berkowitz na 1986 ya gano ɗalibai kan zaci tsaransu sun fi amincewa da sha fiye da yadda abin yake. Sannan su koya masa yanke shawara tun yana gida da hankalinsa: wace majalisa zai zauna, me zai ce idan an miƙo, ƙarfe nawa zai tashi. Wanda ya riga ya faɗa ciki kuma a kai shi asibiti maimakon a kore shi daga gida, domin korar tana miƙa shi ga mutanen da suka fara miƙa masa leda.