Ƙwallo a lakwal: mi mushe yake aunawa?

A Tebaram, yamma da birnin Tawa, fili ba ya wuya. Ƙwallo ne ke wuya. In babu na roba, sai yara su dunƙule tsumma da leda, su ɗaure da zare, su aje duwatsu biyu a madadin raga. Wani lokaci ɗan biɗa ya dawo daga Abijan ko Libiya da ƙwallo na gaske, sai duk unguwa ta samu.

Wannan wasa na bayan gari babu mai gunaguni a kansa. Gunaguni yana tashi ne in uba ya biyo ta bakin lakwal da safe, za shi rijiya, ya hangi ɗansa yana bin ƙwallo, mushe kuma na tsaye da kaye da agogo. Sai ya ce a ransa: na hana yaro kiwo don ya yi karatu, ga shi an sa shi wasa. Maganar uban ba ta banza ba ce, don kuwa ya rasa hannu guda a wurin aiki. Ya kamata ya san abin da ake rubutawa cikin kayen nan.

Motsa jiki darasi ne cikin tsarin karatun ƙasar Nijar, kamar lissafi. A Yamai akwai makarantar INJS mai horar da malaman wasanni. Amma a lakwal ɗin ƙauye, mushen aji shi ne ke fita da yaransa fili. Darasi kuwa sai da awo.

Awon ƙafa

Awon ba ya bukatar kaya masu tsada. Mushe ya jera duwatsu 5, taki 2 tsakanin kowane. Yaro ya kora ƙwallo yana ratsa su, ya tafi ya dawo. Ana duba ko ƙwallon na kusa da ƙafarsa, ko kuwa ya tsere masa. Sannan a kafa kara biyu, yaro ya tsaya daga taki 10, ya tura ƙwallo da cikin ƙafa sau 5 na dama, sau 5 na hagu. A ƙidaya nawa suka bi ta tsakanin karan. Na ƙarshe, a turo masa ƙwallo ya tsai da shi. Ke nan.

Mushen da ya raba yara gida biyu, ya ba da maki ga wanda ya ci raga, ya yi kure. A aji guda akan samu ɗan shekara 11 da ɗan shekara 14. Babba zai ture ƙarami kullum, ƙaramin kuma ya koma gefe ya zauna. Awo mai kyau shi ne a gwada yaro da kansa. A auna shi a watan Nuwamba, a sake a watan Fabrairu. Wanda ya tashi daga 2 ya kai 6 ya yi ƙoƙari, ya fi wanda ya soma da 8 ya tsaya a 8. Manomi ya san wannan: gonar tudu da gonar fadama ba a ɗora masu damma ɗaya.

Ƴan mata ma a auna su. Yarinyar da ke daka da ɗaukar ruwa ba ƙarfi ta rasa ba, ƙwallo ne ba ta taɓa samu ba.

Awon sanin jiki

Nan ne amfanin ya fi yawa, ko da yake ba shi da armashin kallo. Mushe yana koya ma yaro ya sa yatsu biyu a wuyan hannu, ya ji bugun jini. Ya ƙidaya cikin daƙiƙa 15, ya ninka sau 4, ya samu na minti guda. Ga lissafi ya shigo fili. Yaro ya ƙidaya kamin gudu, ya ƙidaya da ƙare gudu, ya sake bayan hutun minti 2. Jiki mai lafiya bugunsa yana hawa da gudu, yana kuma sauka da wuri.

Daga nan sai tambayoyi na baki. Don mi ake sassarfa kamin a soma wasa? Yaushe ake shan ruwa? Don mi ba a gudu da tsakar rana a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi a Adar yake wuce awo 40? In wani ya faɗi da jiri, mi za a yi? Yaron da ya ce a kai shi inuwa, a kwantar da shi, a jiƙa masa jiki, a kira babba, ya ci makinsa. Wannan sani zai bi shi har gona da wurin kiwo.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su motsa jiki minti 60 kowace rana. Yaron da ke bin awaki ba minti 60 ne matsalarsa ba. Abin da ake nema a wurinsa daban ne. Makiyayi yana gane dabba marar lafiya tun da ta soma zama baya ga garke. Haka mushe zai gane yaron da kullum shi ne na baya, yana haki, cikin fatar idonsa ya yi fari. Wataƙila ƙarancin jini ne, ko masassarar cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko kuwa ya fito gida bai sha ko kunu ba. Irin wannan yaro ba sifiri ya cancanta ba. A kira uwayensa, a kai shi likita. Mai ciwon sikila kuma kada a matsa masa gudu, balle cikin zafi, kuma uwaye su shaida ma mushe tun farkon shekara.

Mutanen Adar ba baƙin wasa ba ne. A Tawa aka yi kokowar ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci. A ƙwallo, Mena ta je gasar Afirka a 2012 da 2013, ƴan ƙasa da shekara 17 kuma suka je gasar duniya a Indiya a 2017. Amma ƴan kaɗan ne za su kai can, kuma ba don neman su aka buɗe kayen mushe ba.

Uban da ke son ganin awon ɗansa ba sai ya iya faransanci ba. Lambobi ne kawai, layi biyu. Ya je lakwal bayan an tashi, ya ce a nuna masa na farkon ɗari da na ƙarshensa.