Kokawar Ƙwayoyin Cuta A Hantsar Saniya

Ya kai ɗalibi mai karatu, nonon da ake dama maka fura da shi a Fagge, ko wanda matan Fulani ke kawowa Kasuwar Sabon Gari a ƙwarya, daga hantsar saniya ya fito. To, ita hantsar nan tana da wani ciwo mai damun makiyaya ƙwarai. Sai ta kumbura ta yi zafi, madara ta riƙa fitowa da gudaji, wani lokaci har da jini. In aka yi sakaci, kan nono ɗaya cikin huɗun sai ya mutu murus.

Masu haddasa ciwon ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, wato bakteriya, waɗanda Larabawa ke kira jarasim. Amma ka sani ba iri ɗaya ba ne, kuma ba su ga-maciji da juna. Akwai Istafilokokas mai ruwan zinariya, wanda ke bin hannun mai tatsa daga wannan saniya zuwa waccan, in ya shiga kuwa sai ya maƙale. Akwai I-kolai, mazaunin kashin shanu, mai ka da saniya farat ɗaya. Sa'an nan akwai wasu masu sauƙin kai da ke zaune a fatar kan nono, ɓarnarsu kaɗan ce.

Ka ɗauki ƙofar kan nono tamkar layi guda a kasuwa: rumfuna ƙidayayyu, masu nema ba iyaka. Wanda ya riga ya kafa, baƙo ba ya samun wurin shimfiɗa kaya. Haka suke ƙwace abinci ma, musamman sinadarin ƙarfe, wanda ya yi ƙaranci a madara. Abin mamaki, wasunsu har dafi suke fitarwa don su kashe maƙwabta. Masana sun ga wasu dangin Istafilokokas masu sauƙin kai suna hana mugun ɗan'uwansu yaɗuwa a faranti na ɗakin bincike, ko da yake a jikin saniya ba kullum abin ke tafiya haka ba.

A shekarar 1928 aka gano irin wannan dafi a Amurka, daga ƙwayar da ke sa madara tsami. Daga baya aka sa masa suna naisin, har wasu ƙasashe suna goge kan nonon shanu da shi. Kindirmon gidanku ma kokawar ce: masu tsami sun rinjayi masu ruɓarwa. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. Gubar da Istafilokokas ya riga ya zuba a madara, tafasawa ma ba ta kashe ta, balle tsami. Madarar hantsa mai ciwo zubarwa ake yi.

Saboda haka ni dai ban ga hikimar mai sayen allura a kasuwa ya ɗirka wa saniya ba tare da likitan dabbobi ya duba ta ba. Maganin ba ya tambayar wane ne mugu, share layin yake yi gaba ɗaya, wanda ya jure masa shi ke gaje rumfunan duka.

In gidanku ana kiwo, gaya wa Baba a wanke hannu kafin tatsa, a bar mai ciwo ta zama ta ƙarshe. Bayan tatsa kuma ƙofar kan nono ba ta rufewa nan take, don haka a zuba wa saniya dusa ta ci a tsaye kamar rabin awa, kada ta kwanta cikin kashi.