Ciwo da Jinya a Rayuwar Mai Gudun Fanfalaki: Misali Daga Abebe Bikila

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, shi ne tseren da ake yi a kan nisan kilomita 42 da mita 195, watau mil 26 da yadi 385. Duk wanda ya ɗauke shi sana'a ya san cewa ba ranar tsere ce ke cin jiki ba, a'a, watannin horon da suka gabace ta ne. Saboda haka da wuya a sami gwanin da ya daɗe a wannan fage bai taɓa kwanciya jinya ba. Manufar wannan taƙaitaccen bayani ita ce a duba yadda ciwo ke shiga tsakanin mai gudu da horonsa, da irin abin da ya kamata ya yi idan haka ta faru. Za a ɗauki rayuwar Abebe Bikila na ƙasar Habasha a matsayin madubi, domin ya gamu da ciwo iri uku, kuma kowanne da irin hukuncinsa.

An haifi Bikila a shekarar 1932 a lardin Shewa. Da ya girma ya shiga rundunar masu gadin Sarki Haile Selassie, kuma a can ne wani Bature mutumin Suwidin, mai suna Onni Niskanen, ya lura da shi ya fara ba shi horo. A wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960 ya yi gudu ba takalmi, ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci lambar zinariya a waɗannan wasanni. Wannan labari sananne ne, ba sai an tsaya a kansa ba.

Jarrabawar farko ta zo masa a 1964, ana shirin wasannin birnin Tokiyo. Ciwon ciki ya tasar masa yana cikin horo, aka kai shi asibiti a Addis Ababa, likitoci suka ce afendis ne, abin nan da jama'a ke kira tsakuwar ciki. Aka yi masa tiyata ranar 16 ga watan Satumba, alhali tseren yana ranar 21 ga Oktoba, watau mako biyar ke nan cif. Bai cika mako guda a asibiti ba aka sallame shi. Ranar tsere kuwa ya gama cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, lokacin da ba wanda ya taɓa yi a duniya kafin nan, ya bar Basil Heatley na Ingila, wanda ya zo na biyu, da fiye da minti huɗu. Da ya ƙetare layi ma bai zube ba, sai ya koma gefe yana motsa gaɓoɓi kamar mai shirin farawa.

Mutane da yawa sukan ɗauki wannan labari shaida ce cewa ƙarfin zuciya yana maganin kowane ciwo. Wannan kuskure ne, kuma kuskure mai hatsari. Abin lura shi ne, juriyar da jiki ya tara cikin shekaru ba ta zubewa a kwana goma. Mai dogon horo zuciyarsa takan ƙara girma da ƙarfi, jininsa ya ƙaru, ƙananan hanyoyin jini su yawaita a cikin tsoka. Wani bincike da Edward Coyle da abokan aikinsa suka yi a Amurka a 1984, a kan 'yan wasan da suka daina horo ɗungurungum, ya nuna cewa iyawar jikinsu ta amfani da iskar da suke shaƙa ta ragu da kashi 7 cikin 100 a mako uku na farko, sannan ta kai kashi 16 bayan kamar wata biyu, ta tsaya a nan. Ke nan asara akwai ta, amma ba ta kai yadda mai jinya ke tsoro ba, balle ga wanda hutunsa bai wuce 'yan kwanaki ba. Daɗin daɗawa, afendis ba gaɓa ce da ke ɗaukar nauyin mai gudu ba. Da aka cire ta, miki ya haɗe, sai ƙafafu da huhu da zuciya suka koma bakin aikinsu lafiya ƙalau. Duk da haka kasada aka yi, kuma nasarar da ta biyo baya ba ta mai da ita ƙa'ida ba.

Akwai cututtukan da ba su yarda da irin wannan gaggawa ko kaɗan. Mai zazzaɓi ba ya horo, domin wasu ƙwayoyin cuta kan taɓa tsokar zuciya, kuma gudu a wannan hali yana iya jawo mutuwar farat ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro kuwa jajayen ƙwayoyin jini yake fasawa, su ne kuma masu kai iska ga tsoka, shi ya sa wanda ya tashi daga gare shi yakan yi makonni yana haki a kan nisan da a da bai ɗauke shi komai ba.

Ciwo na biyu shi ya fi dacewa a yi nazarinsa, domin shi ne wanda gudun da kansa ke haifarwa. A watan Yuli na 1967, a wani tsere a Zarautz ta ƙasar Sifen, tsokar bayan cinya ta kama Bikila, ya kasa ƙarasawa. Daga nan ƙafa ba ta sake ba shi cikakkiyar lafiya ba. Ana saura kamar mako guda a yi tseren Olamfik na birnin Meziko a 1968, likitoci suka gano tsagewa a siririn ƙashin da ke gefen ƙwaurinsa, suka ce ya huta har ranar tsere. Ya shiga, ya yi kamar kilomita 16, ya fita. Abokinsa Mamo Wolde ya ci zinariyar, Habasha ta riƙe kambunta karo na uku a jere.

Irin wannan tsagewa ta sha bamban da karayar da akan kai wa maɗori. Ba faɗuwa ke kawo ta ba. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsohon ɓangarensa yana gina sabo. Kowane taku na mai gudu yakan sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu ko uku, kuma a tsere guda ana yin taku dubbai. Idan aka ba ƙashi hutu tsakanin horo da horo sai ya ƙara ƙwari. Idan kuwa rushewa ta riga gini sauri, sai 'yar tsaga ta ɓullo, ta yi ta faɗaɗa. Alamarta ciwo a wuri ɗaya tak wanda za a iya nunawa da ɗan yatsa, yana ƙaruwa da gudu, yana lafawa da hutu. Jiki magayi, in ji Hausawa, amma mai gudun fanfalaki ya saba da toshe kunne ga jikinsa, domin abin da horo ya koya masa ke nan. Magani shi ne a ɗauke wa ƙafar nauyi na mako shida zuwa takwas, a riƙa iyo ko tuƙa keke don kada juriya ta zube, sannan a dawo sannu a hankali, tafiya kafin sassarfa, sassarfa kafin gudu. Hutun mako guda da Bikila ya samu ba zai haɗa ƙashi ba. Don haka in akwai abin zargi a kansa a Meziko, to shigarsa tseren ce, fitarsa kam daidai ce.

A wannan tseren dai John Stephen Akhwari na Tanzaniya ya faɗi ya ji mummunan rauni a gwiwa, aka ɗaure masa, ya ci gaba da ɗingishi har ya iso filin wasa fiye da awa guda bayan Mamo Wolde, shi ne na ƙarshe. Har yau ana yabonsa, kuma ya cancanci yabo. To amma fa abin da ya halatta a ranar Olamfik, wadda watakila mutum ba zai sake gani ba, bai halatta a ranar horo ba.

Ba a jiki kaɗai ciwo ke tsayawa ba. Wanda ya zo na uku a Tokiyo, Kokichi Tsuburaya na Japan, soja ne shi ma. Heatley ya wuce shi a cikin filin wasa a gaban mutanen ƙasarsa, ya ƙudura niyyar huce haushi a Meziko. Ciwon baya da na ƙafa suka hana shi horo yadda yake so, kuma a watan Janairu na 1968 ya hallaka kansa yana da shekara 27. Wanda bai san kansa da wani suna ba sai mai gudu, ranar da ƙafa ta ƙi shi yana bukatar masu zama da shi kamar yadda yake bukatar likita.

Ciwo na uku shi ne wanda ba ya warkewa. A watan Maris na 1969 Bikila ya yi hatsari a motarsa ƙirar Volkswagen, lakarsa ta taɓu a wuya, jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, inda likita Ludwig Guttmann ya daɗe yana amfani da wasanni wajen jinyar masu ciwon laka, har ya kafa musu gasa tun 1948, wadda daga gare ta wasannin naƙasassu na duniya suka samo asali. Bikila ya yi wata takwas a can. Hannayensa suka dawo, ƙafafu ba su dawo ba. A 1970 ya shiga gasar wannan asibiti a harbin kibiya da ƙwallon tebur yana kan keken guragu, a 1971 kuma ya je Norwe ya ci tseren keken ƙanƙara da karnuka ke ja. An gayyace shi wasannin birnin Munik a 1972 a matsayin babban baƙo. Ya rasu a Addis Ababa ranar 25 ga Oktoba, 1973, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 41, kuma Sarki Haile Selassie da kansa ya halarci jana'izarsa.