Harshen Kare Ba Magani Ba Ne: Jinyar Ɗanyen Miki da Ƙananan Raunuka a Gida

Duk wanda ya taɓa kiwon kare, na farauta ne, ko na gadin gida, ko mai bin garke a daji, ya san cewa idan damina ta kankama, ƙasa ta jiƙe, zafi da laima suka haɗu, akan wayi gari a tarar da karen da aka bari jiya lafiya lau ya tashi da wani jan tabo a kumatu ko a gindin wutsiya, yana tsattsafo da ruwa, gashin wurin ya manne, wari na tashi, shi kuwa ba shi da aiki sai lasa da cizo da susa. Abin da ya fi ɗaure wa mai shi kai shi ne saurin al'amarin, domin tabon da bai wuce faɗin kwabo ba da asuba, kafin la'asar ya kai tafin hannu. Likitocin dabbobi na Turai suna kiran wannan lalura da wani suna mai ma'anar wuri mai zafi, saboda ɗumin da ake ji a fatar. Mu kuwa za mu kira ta ɗanyen miki.

Kafin a shiga bayanin magani, ya kamata a warware wata mas'ala da ke hana wasu kai hannu ga dabbar da suke ciyarwa da kansu. Shari'a ta yi rangwamen riƙon kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuma ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Sannan a mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce mafi rinjaye a ƙasarmu, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai bayan kare ya sha a cikinta kuwa fuƙaha'unmu sun ɗauke shi ta'abbudi. Ga kuma hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim, game da mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Saboda haka wanda ya ɗaure kare a ƙofarsa ya ɗauki amana, jinyarsa kuwa tana cikin haƙƙin wannan amanar.

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin jama'a, wai yawun kare maganin mikinsa ne, a ƙyale shi ya lashe abinsa. A wannan ciwo dai harshen shi ne tushen ɓarnar. Ƙaiƙayi ne ke farawa, sababinsa kuwa ko cizon ƙuma, ko kaska, ko ƙarangiyar da ta maƙale a gashi, ko ciwon cikin kunne, ko jiƙewar gashi bayan ruwan sama ba tare da ya bushe ba; sai kare ya sosa, fata ta kuje, ya lasa, wurin ya ƙara jiƙewa, sai ƙwayoyin cutar da likitoci ke kira sitafilokokas, waɗanda da ma suna zaune a fatar lafiyayyen kare ba su cutar da shi, su sami ƙofa a buɗe su hayayyafa, ƙaiƙayin ya ninku, susar ta ƙaru. Wurin da mikin ya fito yakan tona asirin sababinsa: na gindin wutsiya galibi aikin ƙuma ne, na kumatu kuwa sai a leƙa cikin kunne. Karnukan waje masu yalwar gashi, irin su Alseshan, sun fi namu na gida fama da shi, domin gashinsu na riƙe laima.

Matakin farko na jinya shi ne kiyaye kai, domin mikin yana da zogi ƙwarai, kuma kare mafi ladabi yana iya kai wa ubangijinsa cizo idan aka taɓa masa ciwo. A sami wanda zai riƙe shi, a sa masa takunkumi ko a ɗaure bakin da tsumma mai laushi, amma na ɗan lokaci kaɗan, tun da da haki kare ke sanyaya jikinsa. Daga nan sai a rage gashin da ke kan mikin da kewayensa, kimanin faɗin yatsu biyu, da injin aski ko almakashi marar tsini, a hankali. A nan ne mutum kan gane cewa ciwon ya fi abin da ido ya gani girma. Hausawa sun ce a bar kaza cikin gashinta, amma wanda ya bar wannan miki cikin gashinsa ya ba shi mafaka.

Bayan aski sai wanki. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a bari ya huce, a riƙa jiƙa tsabtataccen ƙyalle ana dannawa a kan mikin har ɓawon da ɗiwar su saki, ba tare da gurzawa ba. Wanda ya sami kulohezidin a kantin magani ya tsarma shi yadda aka rubuta a jikin kwalba; in kuwa ruwan aidin mai suna fobidon ne, a sirka shi da ruwa har launinsa ya koma kamar shayin da bai yi kauri ba. A tsane wurin ya bushe, a bar shi a buɗe iska ta riƙa bugunsa, kada a naɗe shi da bandeji ko a lafta masa mai mai kauri, domin laima ita ce abincin wannan ciwo. A maimaita haka sau biyu ko uku a yini.

Duk wannan wahala banza ce muddin harshe da farce suna kaiwa ga wurin. Dabarar da likitoci suka dogara da ita ita ce wani abin wuya mai siffar mazurari, wanda aka sa wa sunan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, da ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603, saboda ya yi kama da faffaɗan wuyan rigunan zamaninta. Wanda bai samu na saye ba yana iya yanka kwali mai kauri, ko ya fafe gindin ƙaramin bokitin roba, ya lulluɓe bakin da tsumma, ya ɗaura shi yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuya, tsawonsa kuma ya ɗan zarce hanci. Idan aka yi haƙuri, mikin kan fara bushewa cikin kwana biyu zuwa uku, gashi kuma ya dawo bayan 'yan makonni.

Wajibi ne a ja kunne game da abubuwan da ake shafawa da kyakkyawar niyya alhali guba ne: baƙin man inji, da kananzir, da fetur, da maganin feshin gona, da ruwan wanke makewayi, dukkansu suna ƙona fata, kare kuma ya lashe su su shiga cikinsa. Haka nan kada a ba shi ƙwayoyin ciwon jiki na mutane, musamman ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ke huda masa ciki su lalata ƙoda, kuma farasitamol ma, in ba likita ne ya auna ba, yana iya ɓata hanta.

Amma ƙananan raunuka, irin yankan waya ko kwano ko kujewar ƙaya a wurin farauta, hukuncinsu kusan ɗaya ne: a danne wurin da ƙyalle mai tsabta minti 5 zuwa 10 har jini ya tsaya, a kwarara ruwan gishiri ya fitar da ƙasa, a hana lasa, a kori ƙuda don kada ya yi ƙwai tsutsa ta shiga. Sai dai jinyar gida tana da iyaka, kuma sanin iyaka rabin ilimi ne. Idan rauni ya buɗe baki har ana hango nama, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ciwon yana kusa da ido, ko an ga tsutsa, ko mikin bai nuna alamar sauƙi ba bayan kwana biyu, ko kare ya daina cin abinci, ko zafin jikinsa ya haura digiri 39 da rabi, to, lokacin likitan dabbobi ya yi, domin ɗinki da maganin kashe ƙwayoyin cuta aikinsa ne.

Raunin cizo kuwa, ko da ya yi kamar hudar allura, ba a jinyarsa a gida, saboda ɓarnarsa a ciki take, kuma ta nan ciwon haukan kare ke shiga, wanda idan alamunsa suka bayyana kusan babu mai tsira. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi nasarar gwada rigakafinsa ga mutum a Faransa, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa allurar karnuka. A yi wa ɗan kwikwiyo tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Wanda kare ya ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Da yake ƙaiƙayi ne mafarin ciwon, wanda ya warkar da miki ya bar ƙuma a makwancin kare ya share ɗaki ne ya bar ƙofa a buɗe ga iska. A wanke buhun da yake kwanciya a shanya a rana, a tsane masa jiki idan ruwa ya buge shi, a nemi maganin ƙuma da kaska daga hannun likita. Mafi sauƙi daga cikin duka kuwa shi ne abin da tsofaffin mafarauta ke yi idan sun dawo daga daji da yamma: mutum ya zauna, ya bi jikin karensa da tafin hannu tun daga kunne har wutsiya, yana cire ƙaya, yana tsinke kaska. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to amma sai wanda ya kwana bai yi susa ba.